Rage haraji zai hana a sallame mu daga aiki?

Malam, tambayarka ita ce wadda ake musu a kanta a majalisunmu na Jidda: da gwamnati za ta rage haraji, shin kamfanoni za su daina sallamar ma'aikata? A ganina zai taimaka, amma kaɗan.

A Saudiyya ba a cire haraji daga albashi. Abin da ke cin aljihunmu shi ne harajin saye, wanda aka fara da kashi 5 cikin ɗari a 2018, aka mayar da shi 15 a Yulin 2020, sai kuɗin riyal 400 a wata da baƙo ke biyan gwamnati kan kowane mutum na iyalinsa da ke zaune tare da shi. Shi kuma kafili, wato mai ɗaukar aiki, yana biyan gwamnati har riyal 800 a wata kan ma'aikaci baƙo. Wannan na ƙarshen ne idan aka sassauta zai iya riƙe wasu a bakin aiki.

Amma babban abin shi ne kuɗin da gwamnati ke kashewa. Da farashin mai ya faɗi daga 2014, aka rage kwangiloli, kamfanonin gine-gine suka sallami dubban mutane, alhali lokacin babu harajin saye ma. Ga kuma tsarin Nitaƙat da ke ware guraben aiki ga 'yan ƙasa.

In an sallame ka, don Allah kada ka sa hannu a takardar cewa ka karɓi duk haƙƙinka kafin kuɗin su shiga hannunka. A matsayin kuɗin sallama, doka ta ba ka rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar na farko, cikakken wata kan kowace shekara bayan haka. Duba kwantiraginka a Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago, in an samu saɓani ka kai ƙara ofishin ƙwadago ko ka ga lauya da wuri.