Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Mujallu Ke Mayar da Binciken Zafi Tun Daga Bakin Ƙofa?

Tambayoyin wannan fitowar daga masu karatun injiniya a Kano suke, kuma duk a kan binciken yadda zafi ke ratsa ƙarfe da ruwa da iska, da buga shi a mujallu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a injiniyan injuna. Na ƙera na'urar busar da tumatir da hasken rana, na auna zafin iskar da ke shiga da wadda ke fita da wayar auna zafi ta tamokopul samfurin K, bambancin bai wuce digiri 5 ba. Na aika wa wata babbar mujalla, edita ya dawo da ita cikin mako guda, ko masu tantancewa ba ta kai ga hannunsu ba. Ina laifina? Daga wani ɗalibi, Rijiyar Zaki.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalar tana cikin tambayar taka, kuma mai gyaruwa ce. Wayar samfurin K irin ta gama-gari, idan ba a daidaita ta ba, tana iya yin kuskuren digiri 2.2 sama ko ƙasa. Kai kuwa biyu ka yi amfani da su, ta mashiga da ta mafita. Idan aka haɗa kuskuren biyun yadda aka saba, a ninka kowanne da kansa, a tara, a ciro tushen jimillar, za a sami kimanin digiri 3.1. Ka ɗora wannan a kan digiri 5 ɗinka, rashin tabbas ya haura kashi 60 cikin 100. Zafin da na'urarka ta tara kuwa daga nan ake lissafa shi: nauyin iskar da ke wucewa a daƙiƙa, sau 1.005 (kilojul ɗin da ke ɗaga zafin kilo ɗaya na iska da digiri ɗaya), sau bambancin zafin. Editan da ya ga haka ba zai ɓata lokacin masu tantancewa ba, kuma yana da gaskiya.

Maganin bai kai kuɗin sabuwar na'ura ba. Ka sami fulas, ka cika shi da dakakkiyar ƙanƙara ta ruwa mai tsabta, ka zuba ruwa kaɗan ya cike tsakaninta, ka motsa. Wannan digiri 0 ne. Ka tsoma wayoyinka duka tare, kada su taɓa jikin fulas ɗin, ka rubuta abin da kowace ta nuna. Sannan ka tafasa ruwa ka sake tsoma su. A nan mutane da yawa suke zamewa: ruwa a Kano ba ya tafasa a digiri 100, domin garin yana kan tudu, kusan mita 480 daga matakin teku, don haka wajen digiri 98.4 yake tafasa. Wanda ya ɗauka 100 ne, ya cusa wa kowace waya sabon kuskure da hannunsa. In sashenku na da ma'aunin zafi ingantacce, ka ƙara gwaji a digiri 30 da 50 da 70, tunda nan ne na'urarka ke aiki. Idan ka sauko da kuskuren kowace waya zuwa digiri 0.3, rashin tabbas ɗin ya koma ƙasa da kashi 9. Ka rage gudun fanka bambancin ya kai digiri 15, ya faɗo ƙasa da kashi 3.

Sauran ramukan su ma na gida ne. Wayar da rana ke duka kai tsaye tana nuna zafin kanta ne, ba na iska ba, sai an yi mata rumfar alminiyom mai barin iska ta ratsa. Ma'aunin hasken rana dole ya kwanta daidai karkatar gilashin na'urar, kuma lokacin hunturu a goge shi kowace safiya saboda ƙura. Sannan ɗalibai kan kwafo 1.2 daga littafi a matsayin nauyin iska, kilo a kowace mita kubik. A Kano, ranar da zafi ya kai digiri 40 a watan Afrilu, abin bai wuce 1.07 ba. Kuskuren fiye da kashi 10 ke nan, shiru ba wanda ya lura. Ka keɓe sashe guda a takardarka ka bayyana duk wannan lissafin, bisa hanyar lissafin rashin tabbas ta Kline da McClintock ta 1953, wadda masu tantancewa a fannin nan suka sani sarai.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Mujallu irin su International Journal of Heat and Mass Transfer, wadda ke fitowa tun 1960, ko Applied Thermal Engineering, ba labarin "na ƙera, na gwada, ta yi aiki" suke nema ba. An ƙera irin wannan na'ura ba adadi. Tambaya suke so a amsa. Misali, kashi nawa na ƙarfin na'urar ƙurar hunturu ke cinyewa idan an bar gilashi kwana bakwai ba a goge ba? Wannan abu ne da mai bincike a Jamus ba shi da shi a ƙofar ɗakinsa, kai kuwa kyauta yake zuwa maka kowace shekara. Muna jin takaicin yadda ake raina irin wannan. Tukunya cikin tukunya ta sanyaya kayan lambu da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Arewa, har ya sami kyautar Rolex a 2000, ba komai take dogaro da shi ba illa cewa kilo ɗaya na ruwa yana tafiya da kimanin kilojul 2,430 na zafi idan ya zama tururi a digiri 30. Yadda sanyinta ke raguwa daga Maris zuwa Agusta, sa'ad da iska ta jiƙe, aiki ne da za a iya aunawa da kyau a nan Kano.

TAMBAYA: Ba mu da kayan gwaji a sashenmu, kwamfuta kawai nake da ita. Za a karɓi binciken da aka yi da manhaja zalla? Daga wata malama, Gwale.

AMSA: Ana karɓa, Malama, da sharaɗin ki nuna cewa manhajar gaskiya take faɗa. Kafin ki taɓa sabuwar matsalarki, ki fara warware wadda aka san amsarta. A bututu zagayayye mai tsawo, idan ruwa na tafiya a natse, lambar Nusselt, wato ma'aunin yadda zafi ke wucewa tsakanin bango da ruwan, tana tsayawa a 3.66 in zafin bangon bai canzawa, ko 4.36 in zafin da ake shigarwa ne bai canzawa. Idan ruwan ya hargitse, lambar Reynolds, mai nuna natsuwa ko hargitsin ruwan, ta haura 10,000, ki kwatanta da lissafin Dittus da Boelter na ƙiyasta lambar Nusselt. Daga nan ki maimaita aikin da raga uku (raga ita ce ƙananan gidajen da manhaja ke kasa bututun don yin lissafi), mai manyan ido, matsakaiciya, da mai ƙananan ido, ki nuna cewa amsar ta daina motsi, misali bambancin biyun ƙarshe bai kai kashi 1 ba. A kusa da bango ne ragar ke bukatar matsewa, domin nan zafi ke sauyawa da sauri. Manhajar OpenFOAM, mai yin irin wannan lissafi, kyauta ce, ba ta da lasisin da za a tambaye ki. Ki saita ta ta riƙa adana aiki lokaci-lokaci, kada ɗaukewar wuta ta cinye miki lissafin dare guda.

TAMBAYA: Wata mujalla ta aiko min da imel, wai in biya kuɗi su buga takardata cikin kwana biyar. Lokacin ƙarin girma ya matso. In tura? Daga wani malami, Hotoro.

AMSA: Kada ka tura, Malam. Tantancewa ta gaskiya makonni take ɗauka, sau da yawa watanni. Ka nemi sunan mujallar da lambar shaidarta ta ISSN a jerin mujallun da aka tantance na Scopus ko DOAJ da kanka, kuma ka duba ko adireshin shafin ya yi daidai, domin akwai masu satar sunan mujallar kirki su buɗe shafin bogi. Manyan mujallun da muka ambata ba sa cajin marubuci idan ya zaɓi hanyar da masu karanta mujallar ne ke biya. Sai wanda ke son kowa ya karanta kyauta ne ke biya. A gida ma akwai na kirki, kamar Nigerian Journal of Technology ta Jami'ar Nsukka. Takardar da ta fito a mujallar bogi ba za ka iya sake buga ta a wani wuri ba, kuma kwamitin ƙarin girma na iya ƙin ƙirga ta. Ka aika wa mujalla ɗaya a lokaci ɗaya, in gyara ya zo ka amsa kowane batu daban, da lambar shafi da layin da ka canza.