Dalilin da ya sa wuyan dodonka da fuka-fukansa suke tsagewa

Ɗan'uwa, ka ce ka gina dodo mai fuka-fuki da yumɓun da ke bushewa a iska, ka sa masa waya a ciki, da ya bushe wuya da gindin fuka-fukai suka tsattsage. Ai wayar ce ta jawo. Yumɓu yana tsukewa idan ruwan jikinsa ya fita, waya kuwa ba ta tsukewa, dole ya dare a kanta.

Ka yi ƙashin dodon, wato abin da zai riƙe yumɓun daga ciki, da wayar alminiyam mai kaurin milimita 2 ko 3, ka murɗa biyu a ƙashin baya da ƙafafu. Kada yumɓu ya taɓa wayar kai tsaye. Ka naɗe ta da takardar alminiyam har siffar jiki ta fito, ka bi da tef na takarda, sannan ka shafa yumɓu, kaurinsa kamar milimita 5 a ko'ina. Inda wani wuri ya yi kauri wani ya yi siriri, siririn zai riga bushewa ya ja na kusa da shi, shi ya sa gindin fiffike ke fara darewa.

Fuka-fukai da ƙahoni ka yi su daban, ka bar musu ɗan tsinin waya, su bushe, sannan ka soka su da gam. Kafin ka yanke inda fiffike zai zauna, dubi jemage: daga kafaɗa yake fita, ba daga tsakiyar baya ba. Da yawa a nan dodonsu ke zama kamar an ɗaura masa faifai.

Rana da fanka su ne abokan gabarka. Rufe shi da leda sako-sako, a inuwa, kwana biyu zuwa uku, kana juya shi.

Tsagar da ta riga ta faru, ka jira ya bushe sarai, ka dama ɓarɓashin yumɓun da ruwa da ɗigon farin gam, ka cusa da tsinken sakace. Fenti sai daga baya.

In ka gaji da wannan, koma yumɓun folima, wato na roba wanda sai an gasa yake tauri, ba ya tsukewa sosai. Irinsa mai suna Fimo ana gasa shi a digiri 110 na ma'aunin Celsius, na minti 30, wasu iri har 130. Bi abin da ke jikin kwalin. Wanda bai gasu ba shi ke karyewa kamar biskit.