Yadda ake gano sawun waƙa a ƙwaƙwalwar tsuntsu

Tambaya: Ni ɗalibin ilimin halittu ne. Na ji ana cewa masana kan duba ƙwayoyin gado a ƙwaƙwalwar kanari su gane ko ya rera waƙa ko saurare kawai ya yi. To ai ƙwayoyin gado ba sa canzawa tun daga cikin ƙwai har mutuwa. Ta yaya waƙar rabin awa za ta bayyana a jikinsu?

Amsa: Gaskiyarka, ɗan'uwa, ƙwayar gadon ba ta canzawa. Abin da ke canzawa shi ne aikinta. Kowace ƙwayar jijiya tana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya, amma ba duka ke aiki a lokaci guda ba. Idan ƙwayar jijiya ta yi aiki sosai, sinadarin kalsiyam kan kwararo cikinta, shi kuma ya tayar da wasu ƙwayoyin gado masu saurin farkawa. Su sai su fara fitar da kwafin saƙonsu, wanda ake kira mRNA, daga nan a ƙera furotin. Wannan saƙon ake aunawa.

Cikin waɗannan ƙwayoyin gado masu saurin farkawa, wadda ta fi suna a binciken tsuntsaye ita ce ZENK, wadda a jikin mutum da ɓera ake kira EGR1. A 1992 Claudio Mello da David Vicario da David Clayton suka nuna cewa idan aka kunna wa kanari, ko wani ɗan tsuntsun Ostareliya mai suna zebra finch, faifan waƙa, ZENK kan tashi a wani sashen ji na ƙwaƙwalwa da ake kira NCM. Waƙar tsuntsaye irinsa ta fi tayar da ita, ta wani irin tsuntsu dabam ba ta kai ba, sautin na'ura zalla kuwa kusan bai motsa ta ba. A 1997 Erich Jarvis da Fernando Nottebohm na Jami'ar Rockefeller da ke New York suka duba tsuntsun da ke rerawa da kansa. Nan ZENK ta bayyana a cibiyoyin waƙa na ƙwaƙwalwa, wato HVC da RA da Area X, kuma yawanta na bin yawan waƙar da ya yi. Ko da an kurmantar da tsuntsun, muddin ya rera, tana tashi a waɗannan wurare. Ke nan motsin rerawar ne ya kawo ta, ba jin muryarsa ba. Da wannan ake rarrabe mai saurare da mai rerawa.

Lokaci shi ne ginshiƙin aikin. Saƙon ZENK kan kai ƙololuwa kamar minti 30 bayan fara waƙa, furotin ɗin kuma tsakanin awa ɗaya zuwa biyu, daga baya duk su lafa. Don haka ana kwantar da tsuntsun shi kaɗai cikin akwatin da sauti ba ya shiga, ya kwana, domin abin da ya ji jiya ya gushe. Da safe a kunna masa waƙa ko a bar shi ya rera, ana naɗar sauti da bidiyo. Da minti 30 ta cika sai a kashe shi nan take bisa ƙa'idar kula da dabbobin bincike, a ciro ƙwaƙwalwar a daskarar da ita cikin 'yan mintoci. Ana yanka ta da injin sanyi, kaurin kowane yanki kamar maikuron 10 zuwa 12 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a shimfiɗa a gilashi, a zuba wani zaren RNA mai alama, wato sinadari irin na saƙon kansa, wanda ba ya mannewa sai ga saƙon ZENK. A ƙarƙashin madubin ƙara girma sai a ƙirga ƙwayoyin da suka ɗauki alamar.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne tsuntsun kwatanci, wanda aka bari shiru don a kwatanta da shi. In ya yi ɗan waƙa da asuba ba a lura ba, ko ya yi ta tsalle-tsalle a keji, ko ya firgita da hannun mai kamu, ZENK ta riga ta tashi, bambancin da ake nema ya ɓace. Ni a ganina binciken da bai naɗi halin kowane tsuntsu ba, bai cancanci a dogara da shi ba. Sai kuma sinadarin RNase da ke fatar hannu, wanda ke cinye saƙon. Rashin sa safar hannu kaɗai kan ɓata aikin mako guda. Maimaita waƙa ma tarko ne: in tsuntsu ya ji waƙa ɗaya sau da yawa, ZENK kan daina amsawa, amma da an sauya masa sabuwa sai ta dawo.

A kiyaye da abu ɗaya: rashin ganin ZENK ba ya nufin wurin bai yi aiki ba. Sashen da ake kira L2, ƙofar da sauti ke fara shiga saman ƙwaƙwalwa, yana aiki ƙwarai lokacin saurare, amma ZENK ba ta tashi a can.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne binciken Jarvis da abokansa na 1998. Namijin zebra finch waƙa ɗaya yake yi, ko yana zawarcin mace ko yana shi kaɗai, kunnen mutum da ƙyar ya ji bambanci. Amma idan shi kaɗai ne, ZENK kan cika Area X. Idan ga mace yake rerawa, kaɗan ake gani. Masana da dama na fassara wannan da cewa waƙar kaɗaici atisaye ce, inda tsuntsun ke ɗan sassauya sauti yana gyarawa.

Sai dai duk wannan sawu ne, sawu kuwa ba ya tabbatar da sanadi. Don a san ko wata ƙwayar gado ce ke sa a koyi waƙa, dole a taɓa ta a ga abin da zai faru. An yi haka da FoxP2, wadda a 2001 aka gano lahaninta ne ke kawo matsalar furuci a wani iyali a Ingila. A 2007 ɗakin binciken Constance Scharff a Berlin ya rage aikinta a Area X na 'ya'yan zebra finch, a kwanakin da suke koyon waƙa daga babba, koyon da kan kammala wajen kwana 90 da ƙyanƙyasa. Tsuntsayen sun yi waƙa, amma kwaikwayon bai cika ba: sun tsallake wasu gaɓoɓi, waɗanda suka kwaikwaya ma ba sa fitowa daidai daga rerawa zuwa rerawa.