Baba mai cutar Parkinson yana ƙwarewa idan ya sha ruwa

'Yar'uwa, kin ce Baba yana fama da cutar Parkinson, kwanan nan kuma sai ya riƙa ƙwarewa da tari in ya sha ruwa, yawu na dalalo masa. Allah ya ba shi lafiya.

Cutar ba ta tsaya kan rawar hannu ba. Tana sanyaya motsin harshe da maƙogwaro, haɗiya ta zama a hankali. Yawun ma ba ƙaruwa ya yi ba, haɗiye shi ne ya ragu. Abin da nake ji masa tsoro shi ne ruwa ya zarce huhu ya jawo nimoniya, wato ciwon huhu, wani lokaci ko tari babu.

Ki zaunar da shi a miƙe, loma ƙanana, ban da hira, ya ƙara minti 30 a zaune bayan ci. Ya ci abinci lokacin da levodopa, wato maganin cutar Parkinson, ke aiki a jikinsa. Kada ki kora masa loma da ruwa, kada kuma ki daka ƙwayoyinsa sai likita ya yarda, domin wasu an yi su ne su narke sannu a hankali.

Ki nemi likitansa ya tura shi wurin ƙwararre kan magana da haɗiya. In kin ga zazzaɓi, rama ko numfashi na yi masa wuya, ku tafi asibiti nan take.