Amsa ga mai tambayar girman sabon ɗakin karatu a Garwa ta Kamaru

Assalamu alaikum. Malam, ka ce an saka ka a kwamitin da zai ba ƙaramar hukuma shawara kan sabon ɗakin karatu na jama'a, kana tambayar murabba'in mita nawa ya kamata ku nema, tunda garin kullum yaɗuwa yake yi. Na daɗe ina kula da laburaren makaranta, don haka ga abin da zan ce: ku fara lissafi daga kujeru, littattafai su biyo baya.

A ƙidayar 2005 mutanen Garwa sun kai kusan 236,000, kuma duk wanda ya san inda gidaje suka tsaya a lokacin ya san wannan adadi ya zama tarihi. Garin da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara yakan ninka cikin shekara 24, ga kuma jami'ar da aka kafa a 2022 tana jawo ɗalibai. Saboda haka masu tsara irin wannan gini sukan yi lissafi da jama'ar shekara 20 masu zuwa.

Za ku ji ana ambaton ma'aunin ƙasashen waje. Jagorar IFLA (ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya) da UNESCO ta 2001 ta ba da shawarar littafi 1.5 zuwa 2.5 ga kowane mutum, Faransa kuma tana lissafa murabba'in mita 0.07 ga kowane mutum har zuwa mutum 25,000, sannan 0.015 ga kowane wanda ya ƙaru a kan haka. Idan muka ɗauka mutum 400,000 za a yi wa hidima, ma'aunin Faransa zai ba ku sama da murabba'in mita 7,000. Ku san wannan lissafi domin ku kafa hujja da shi wajen neman fili, amma kada ku ɗora tubali a kansa, domin ginin da hukuma ba za ta iya biyan wutarsa da albashin ma'aikatansa ba, rabinsa a kulle zai ƙare.

Abin da na gani da idona shi ne, yawancin masu zuwa da littattafan rubutunsu suke zuwa. Daga watan Maris, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma jarrabawowin sakandare na BEPC da probatuwar da bakaloriya ke matsowa, yaron da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa wurin zama yake nema mai iska da haske da shiru, inda ba za a aike shi ba. Na sha ganin kantoci cike da littattafan da aka kawo kyauta daga Turai, ba mai taɓa su, alhali yara na zaune a ƙasa a bakin ƙofa. Wannan yana ci mini rai har yau. Littafi 20,000 a kantocin da mai karatu zai iya zagayawa ba za su ci fiye da murabba'in mita 200 da ɗoriya ba, amma kowace kujera da teburinta da hanyar wucewa tana bukatar mita 2.5 zuwa 3, wato kujera 200 za su cinye kusan 600. Idan aka ƙara ɗakin ƙananan yara, da ofis, da wurin kwamfuta, sannan aka ɗora kashi ɗaya cikin huɗu saboda bayi da baranda da kaurin bango, za ku tashi da kimanin murabba'in mita 1,200 zuwa 1,300. A ganina wannan ya isa zangon farko.

Inda ba zan so ku sassauta ba shi ne fili. Ku nemi wanda ya ninka ginin sau uku ko huɗu, ku tabbata takardarsa ta fito da sunan hukuma, ku kewaye shi, ku dasa darbejiya tun yanzu, domin rumfa mai benci a ƙarƙashin inuwa tana ɗaukar masu karatu da yawa ba tare da fanka ba. Ku gaya wa mai zanen gini ya bar gefen da za a faɗaɗa, idan kuma akwai niyyar ɗora bene, a zuba harsashin da zai ɗauke shi, saboda benen littattafai yana bukatar jure kusan kilo 700 a kowane murabba'in mita. A ware kusurwar mata da ƙofarta da bayinta, in ba haka ba iyaye da dama ba za su bar 'ya'yansu mata su zo ba. A kuma tanadi ƙaramin ɗaki busasshe, wanda aka kare daga gara da ƙurar hunturu, domin rubuce-rubucen ajami na Fulatanci da Hausa da Larabci da ke ajiye a gidajen malamai.

Ku tuna kuma da nisa. Ɗalibin da ke unguwar Jambutu ba zai riƙa biyan kuɗin babur kullum zuwa tsakiyar gari ba, don haka da zarar an kammala zangon farko, kuɗin da ya biyo baya gara a buɗe ƙananan rassa da shi a unguwanni, ko da ɗaki biyu ne da rumfa. Kafin zamanku na gaba, ku zagaya makarantun sakandare ku karɓi adadin ɗaliban ajin jarrabawa, da shi za ku gyara yawan kujerun da na ambata.