Fulotar tankin mai: kafin ka ɗauko sifana

Ka ce allurar gejin mai na tsohuwar Hilux ɗin nan ta kwanta a kan E ko an cika tanki, kana tambaya ko ka sauke tanki ka canja fulota, wato na'urar nan mai hannu da ƙwallo da ke yawo a kan mai a cikin tanki tana gaya wa geji yawan man da ya rage. Kai yaro, wa ya ce maka fulota ce? Halinku ke nan yaran yanzu, gaggawar kwance abu tun ba ku san ciwonsa ba.

Fara da soket ɗin da ke saman tanki. Zare shi, ka murɗa makulli, ka haɗa wayar geji da jikin mota ta cikin ƙaramin ƙwan fitilar gwaji. In allura ta soma hawa, geji da wayarsa lafiya lau. Kada ka haɗa waya kai tsaye ba ƙwan fitila, kuma kada ka bar ta ta daɗe, gejin zai iya ƙonewa. Allurar tsofaffin motocin nan a hankali take tafiya, sai ka jira ta. Daga nan duba wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfe kusa da tanki. Sau da yawa tsatsa ce kawai ta cinye wurin, ka kankare ka ɗaure, geji ya dawo.

In duk wannan ƙalau ne, to ciro fulotar ka sa mata mitar auna om, wato ma'aunin yadda waya ke tirje wa lantarki. Ta tsofaffin Toyota tana ba da kusan om 110 in hannunta na ƙasa, kusan 32 a tsakiya, kusan 3 in yana sama. Ɗaga hannun a hankali kana kallon mita. Lamba ta riƙa sauka daki-daki. In ta yi tsalle ko ta ɗauke a wani wuri, siririyar wayar ciki ta cinye. Girgiza ƙwallon ma kusa da kunnenka, in ka ji mai yana motsi a ciki ya huje, shi ya sa yake nutsewa. Kuma ba kowace fulota ce ke dacewa ba don ramukan sukurorinta sun zo daidai. Ta tsofaffin motocin GM na Amurka sifili take bayarwa in tanki ba mai, 90 in ya cika, sa ta nan ka ga allura tana karatu baibai.

Cire kan batir na negetib kafin ka sauke tanki ko ka ciro fulota. Tankin da ya kusa ƙarewa ya fi sauƙin ɗauka, amma tururin fetur ya cika shi, kuma tururin ne ke kamawa. Ba taba, ba mai walda a kusa, ba dukan sukurori da kurfi da guduma. In sun yi tsatsa, jiƙa su da man sassauta tsatsa ka bar su su sha.

Abin da ya sa na zauna nake maka wannan bayani shi ne robar bakin fulota. Wani ya taɓa kawo mota garejin nan da tasa fulotar ta hannu daga kasuwa, ba roba, ya dage a mayar da tsohuwar don kada ya ƙara ko sisi. Robar ta bushe ta tsattsage, na nuna masa da yatsa, ya ce yana sauri. Aka ɗaura. Da rabin tanki ba a ga komai ba, domin mai bai kai bakin ba. Washegari ya cika tanki ya ɗauki hanya, mai ya riƙa tsiyaya ta saman tanki har ya isa. Ya dawo yana ta da jijiyar wuya a gaban jama'a, wai na zubar masa da mai, ya riƙe kuɗin aiki, aka sake sauke tanki kyauta, robar ma daga aljihuna. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, don laifina ne da na yarda.

Saboda haka sabuwar roba, ko mai mota ya so ko ya ƙi. Gwada tsawon hannun sabuwar fulota da na tsohuwa, kada ka lanƙwasa shi da ka. Jona soket tun tana waje, ka haɗa jikinta da jikin mota, ɗaga hannu, sauke, ka ga allura tana bi. Ɗaure sukurori ɗaya nan ɗaya can daura da shi, kaɗan-kaɗan, kada roba ta matse gefe guda. Mai mota ya cika tanki a gabanka, ka leƙa ƙasa ka shafa saman tanki da hannu kafin ka miƙa masa makulli.