Na'urar sanyaya furosesa mai araha don tsohuwar kwamfutar wasa

Malam, ka ce kana son ƙara wa tsohuwar furosesarka (ƙwaƙwalwar kwamfuta) gudu, amma kuɗi kaɗan ne. Ƙarin gudu na ƙara mata zafi, don haka nemi na'urar sanyayawa mai tsayi irin Hyper 212 ta Cooler Master, mai bututun tagulla 4 da fanka milimita 120. Ta isa, ba sai mai ruwa ba.

Kafin ka biya, tabbatar maƙallanta sun dace da soket ɗinka, wato gurbin da furosesa ke zama, LGA1155 ne ko AM3+, sannan ka auna faɗin akwatin kwamfutar, ka ga ko za ta shiga. Ni na taɓa manta ɓare ledar ƙasanta, zafi ya haura digiri 90 nan take. Man da ake sawa tsakaninta da furosesa kuma ɗigo ɗaya, kamar ƙwayar wake.

Wajen ƙara gudun, ƙara wa furosesar wutar lantarki kaɗan-kaɗan. In kwamfutar tana mutuwa da kanta, kai wa mai gyara ya duba madabod, wato babban allon da furosesa ke kai.